Bazazzagi Ya Kafa Maƙera Don Nishaɗi

Bawana! Na zaɓi in yi maka magana ta wannan shafi ne saboda na daɗe da gane halinku, ku Zazzagawa. Duk maganar da aka faɗa muku baki da baki iska ce, amma da an buga ta a takarda sai ku gyara zaman tabarau ku ce ilimi ne. To ga ta nan a takarda. Ka karanta a tsanake, ka kuma karanta wa uwargida, domin ita ta fi kowa jin jiki a wannan lamari.

Mu dai Kanawa ba mu rage ka da komai ba. Aikin gwamnati ya jefo ka Ƙafin Maiyaki kana saurayi da 'yar jakarka, muka ba ka masauki, muka ba ka fili, har 'yarmu muka ba ka. Da ka yi ritaya ka ƙi komawa Zariya muka ce ba komai, wanda ya ɗanɗana zaman ƙasar Kano ba a ganin laifinsa. Ranar da aka ji kuɗin sallamarka sun fito, majalisa ta rabu. Wasu suka ce masara za ka saya a Doguwa da kaka, ka kulle sai bazara. Wasu suka ce injin gyaran shinkafa za ka kafa, ka ci arzikin Tudun Wada. Mai ƙaramin buri ya ce babura za ka saya ka ba yara su riƙa kawo balas. Babu wanda ya kawo a ransa cewa za ka ɗauki hayar mota ka nufi Kakuri, can Kaduna, inda ake gwanjon kayan masaƙun da suka durƙushe, ka dawo mana da tsohon injin sassaƙar ƙarfe ɗan Ingila wanda nauyinsa ya haura rabin tan, ga diril na tsaye, ga giranda, ga wani bayis da mutum ɗaya ba ya iya ɗagawa.

Sauke shi kaɗai ya isa labari. Majiya ƙarfin tasha suka taru, aka shimfiɗa bututun ƙarfe a ƙasa ana mirgina shi a kai taku-taku, kai kuma kana gefe da takarda a hannu kana ba da umarni da Turanci. Da aka zo ƙofar zaure ya ƙi shiga, domin ka auna tsawon injin da faɗinsa da tsayinsa, ƙofar ce kawai ba ka auna ba. Sai da aka kira birkila ya fasa gefe ɗaya. Duk wannan mun yafe. Abin da ya tsaya wa mutanen gari a rai shi ne amsar da ka bayar da wani dattijo ya tambaye ka nawa za ka riƙa karɓa in an kawo aiki. Ka ce kai ba don kuɗi ka saya ba, sha'awa ce kawai, abin ɗebe kewa ne na bayan ritaya. Majalisa ta yi tsit. Dattijon ya matso kusa da ni ya tambaya a hankali ko akwai mai irin wannan lalura a danginku, don a san irin rubutun da za a nema.

Na san inda ka samo wannan ra'ayi, ai na ga tsofaffin mujallun da kake ɓoyewa a ƙarƙashin gado. Al'adar Ingila ce. Can ne tsoho in ya ajiye aiki yake shigewa 'yar bukkar katako a ƙarshen lambunsa, ya yi shekaru yana ƙera jirgin ƙasa ɗan mitsitsi mai tafiya da tururi, in ya gama ya ɗora a kan kanta. Har kamfani gare su da ya yi suna a wannan kasuwa, Myford, wanda ƙaramin injinsa ML7 ya fito a 1946 ya cika irin waɗannan bukkoki. Amma shi Baturen nan, in famfon maƙwabcinsa ya lalace, kanti maƙwabcin zai nufa ya sayo sabo, ba zai ƙwanƙwasa masa ƙofa ba. Kai kuwa ka kafa naka a tsakiyar ƙasar da kowane ƙauye ke da injin niƙa mai jinya da injin casar masara mai tari, daga Kiru har Doguwa. Ga masu ban-ruwa da suka dogara da Tiga tun da aka gama madatsar a 1974, ga masu shinkafa, ga masu matse rake. Kowannensu ƙarfe ne ke juyawa a cikin ƙarfe, duk abin da ke juyawa kuwa wata rana sai ya cinye. A nan ne za ka ce injinka na hira ne?

Kuma ka zo garin masu abin kana yi mana iyayi. Tarihin da muka gada ya ce maƙera ne suka fara zama a gindin Dala, sun taso daga Gaya suna neman tama. Tun Zariya ba ta san za a yi wani abu wai shi jami'a ba muke narka dutse muna fitar da garma. Har gobe ƙira a ƙasar nan gado ce, tana da sarkinta tana da ladabinta. Akwai maƙeran baƙi masu fartanya da lauje da gatari, akwai na fari masu azurfa da tagulla. Kai ba ka gaji ko ɗaya ba, ba ka taɓa jan zugazugi ba, ka shigo da rana tsaka da kayanka, ko goro ba ka kai wa Sarkin Maƙera ba. Ka je ka gaishe shi. Ba wai don tsoron wani abu ba, kodayake ni ban ce babu ba. Shi ya san ƙarfe da ido da kunne, ya san wane sifirin ɗin mota ne ke yin wuƙa wane ne ke karyewa, kuma wannan babu shi a mujallunka.

Bari mu shiga zauren, mu fara daga ƙasa. Ka dasa injin a kan tsohon daɓe, ka tokare ƙafa ɗaya da guntun katako, ɗaya da fasasshen bulo. Da damina ta zauna ƙasa ta sha ruwa, gefe ɗaya ya nutse, gadon injin ya murɗe. Ido ba ya ganin irin wannan murɗewa, amma ƙarfe ba ya rufa asiri: duk sandar da ka sassaƙa sai ta fito kai ɗaya ya fi ɗaya kauri. Ka yi ta buɗe littattafai kana zargin Turawan da suka ƙera shi, alhali sun daɗe a kabari ba su da bakin kare kansu. Birkilan nan dai da ya fasa maka ƙofa, wanda bai gama firamare ba, shi ya ce a fasa daɓen a zuba kankare mai kauri, a bar shi ya bushe sosai, sannan a ɗora injin a riƙa cusa siraran ƙarfe a ƙarƙashin ƙafafunsa har ya zauna daidai. Gwajin kuma ba wuya, ka sassaƙa doguwar sanda ka auna kai biyun, in sun zo ɗaya shi ke nan. Da ka fara da wannan, da ba a sake kiran majiya ƙarfin tasha an sake biyansu ba. Su dai suna yi maka addu'ar Allah ya ƙara sha'awa.

Sai wuta. Injin masaƙa ne, da wuta mai layi uku ya saba, gidanka kuwa layi ɗaya ne, shi ma sai ya ga dama yake zuwa. Motonsa doki uku ne, wato wajen kilowat 2.2, kuma irin wannan moto a lokacin tashi yakan ja wuta ninki biyar ko shida na abin da yake ci in ya daidaita. Kai da karatunka ka jona shi da ɗan janaretan da kuke kallon labarai da shi. Janareta ya yi tari ɗaya ya yi shiru, har yau yana wurin mai gyara. Ka yi maganar sayen babba, aka tuna maka yadda fetur ya koma tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, ka haɗiye maganar. Mai injin niƙan unguwarku ya ba ka shawara kyauta: ka cire moton, ka kafa injin gas irin nasa a waje, a huda bango a ja bel zuwa fuli. Ka yatsina fuska ka ce wannan ba tsari ba ne. Ni kuwa na ce da bel ɗin da shaf mai tsawo masana'antun Turawan naka suka yi aiki shekara da shekaru kafin kowane inji ya samu motonsa. A ƙarshe ka sayo akwatin nan mai juya layi ɗaya ya koma uku, wanda ke tayar da moto a hankali, ka yi sa'a wayoyin motonka sun yarda da shi, ka ƙara da sola a kan rufi. Dabara ce mai kyau, ban hana ka ba. Illarta ɗaya: injinka ba ya samun ƙarfi sai rana ta take, lokacin da duk mai hankali ke ƙarƙashin inuwa. Da azahar in aka ji ƙara a unguwa, ba a tambaya, an san Bazazzagi ne yake hutawa.

Ana cikin haka sai ga maganar awo. Injinka da inci yake lissafi, inci ɗaya kuwa milimita 25.4 ne. Amma baburan garin nan da injinan ban-ruwa da janaretoci, na Sin ne ko na Indiya ko na Japan, kusan duk da milimita aka yi su. In za a yanka tiredin milimita cif a kan tsohon inji irin naka, sai an sa faifan giya mai haƙora 127, domin 127 shi ne rabin 254, shi ke haɗa lissafin biyu. Wannan faifai kuwa tun a Kakuri ya yi ɓatan dabo, wataƙila wani ɗan gwangwan ya daɗe da auna shi a sikeli. Ka tafi Ƙofar Ruwa a Kano nemansa, na raka ka don kada a sayar da kai. A rumfar wani mai tsofaffin ƙarafa ka tsaya ka buɗe lacca: yadda Henry Maudslay ya gyara injin yanka tiredi a Landan wajen shekarar 1800, yadda Joseph Whitworth ya fitar da awo ɗaya na tiredi a 1841 don notin wannan kamfani ya shiga ƙusar wancan. Duk gaskiya ne, ban ƙaryata ka ba. Mai rumfa ya saurara har ka kai aya, sannan ya ce, Alhaji, saye za ka yi ko wa'azi? Da ka tafi alwala ni na yi cinikin, cikin magana uku, a rabin abin da ya faɗa maka.

Yanzu bangon. A nan ne ka zuba duk basirarka, kuma duk baƙon da ya zo gidanka sai ka ja shi ya gani kafin a ba shi ruwa. Allon katako ne babba, an shafe shi da farin fenti. Kowace sifana da ƙusarta, an zana siffarta da baƙin fenti a bayanta, daga lamba 6 har 32, ƙarama na bin babba. Filaya a jere, sukundireba a jere, magagari kowanne da mariƙinsa, zarto a sama, guduma uku a ƙasa. A kan kanta gwangwanayen madara ne sahu-sahu, an wanke an goge, kowanne an manna masa takarda da rubutunka mai kyau: noti 8, noti 10, washa ƙanana, washa manya. Uwargida ta ce tun da aka fara wannan aiki ba a ƙara ganin gwangwani a kicin ba, har wanda ba a gama shanyewa ba kana tsaye kana jira. Zanen nan yana da amfani, da kallo ɗaya mutum ya san abin da ya fita bai dawo ba. Sai dai da na duba sifanun da kyau, babu wadda bakinta ya goge, babu mai tabon baƙin mai. Jeren amarya ne, kwanukan da ake jerawa don 'yan ganin ɗaki, ba a taɓa cin tuwo a cikinsu ba.

Wuri ɗaya ne a allon ke nuna akwai rai a gidan: zanen lamba 10, wanda ƙusarsa ke tsaye ba kowa. Kowa ya san lamba 10 ba ta zama, ita ce ta babur, ita ce ta kan batir. Maganin da ka kawo shi ne littafin aro, mai layi-layi, da gurbin suna da kwanan wata da sa hannu. A Ƙafin Maiyaki! Mutumin da kuke sahu ɗaya a masallaci, ya halarci sunan 'ya'yanka, ka ce ya sa hannu kafin ya ɗauki sifana? Wanda ka fara miƙa wa biro bai ƙara yi maka sallama ba sai da aka shiga tsakani. Ga yadda Bakano ke yi. Ka sayi sifanu masu araha ka rataye a bakin ƙofa, waɗannan na jama'a ne, ka ɗauka sadaka ka yi tun ranar da ka saya. Masu kyaun, da abin awonka, su shiga akwati mai kwaɗo, makulli a aljihunka. Ba ka hana ba, ba ka kuma yi asara ba.

Wurin da ya kamata ka yi tsari kuma ba ka yi ba. Ka kafa giranda dab da babban injin, wai don kada ka riƙa yawo. Duk wasa wuƙar da za ka yi, garin dutse yana tashi yana sauka a kan gadon da ka shafe da mai, garin dutse da mai kuwa in suka haɗu cin ƙarfe suke yi a hankali, kai da hannunka kana goge injinka kullum. Ƙara da ƙurar hunturu da ke shigowa ta tagar da ka buɗe ta gabas. Giranda da walda waje ne wurinsu, a ƙarƙashin rumfa. Babban inji ya zauna can ciki, in an tashi aiki a share shi, a shafa sabon mai, a rufe da tsohon zani. Da damina kuma tsatsa ce abokiyar gaba, kwana kaɗan ƙarfen da ba mai ya yi ja. Sandunan da ka zube a ƙasa su hau kan maratayi, fitila ta dawo saman aikin, ba bayan ƙeyarka ba inda inuwarka ke rufe abin da kake yankawa.

Akwai maganar da ba ta wasa ba ce, ko da yake kai ka mai da ita abin dariya. Ranar Juma'ar nan da aka sauko daga masallaci ka kwaso baƙinka na Zariya ka kawo su kallo, kana sanye da babbar riga ta shadda, ga aiki har ciki, ga carbi a hannu. Ka kunna inji kana bayani kana nuni, hannun riga yana lilo a kan ƙarfen da ke juyawa sau ɗaruruwa a minti ɗaya. Allah ya tsare, gefen rigar kawai ya kama ya yage, kuma yatsanka na kusa da makunni. Wannan inji bai san mai gida ba. In ya kama tsumma ba ya saki, yana naɗewa ne har ya iso ga abin da ke cikin tsumman. Gajeren hannu ake sawa, ba carbi, ba zobe, ba agogo, ko safar hannu ba a yarda da ita ba a nan, sai tabarau na kare ido. Makullin da kake ɗaure ƙarfe da shi a bakin injin kuma kada ka taɓa barinsa a jiki, ko da gaisawa za ka juya ka yi, domin in aka kunna da shi a ciki ba ya zaɓen goshin da zai sauka. Na san Bazazzagi da a gan shi ba babbar riga gara a gan shi ba abinci, amma ka daure. Ina da sauran amfani da kai.

Haka nan dusar ƙarfen da ke zuba. Murɗaɗɗiya ce mai kaifi, jikokinka kuwa ba takalmi suke shigowa, kaji na tsattsaga, sa in ya haɗiye ta a cikin harawa sai dai a kira mahauci. A sa ƙofa tsakanin zauren da cikin gida. A share da burushi, ba da hannu ba, a bi ƙasa da maganaɗisu, a tara a durom, ta tagulla daban ta baƙin ƙarfe daban. 'Yan gwangwan za su zo har gida su auna su biya. Na ga ka zare ido, e, sharar ma kuɗi ce.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami dai shi ne abin da ya faru da kakar nan. Ina zaune a dakalinka wani manomi daga wajen Kiru ya iso a kan babur, da shaf ɗin injin casa ɗaure a baya da roba. Mazaunin boris ya cinye. Boris ɗin 6205 ne, raminsa milimita 25 cif, shaf ɗin kuwa ya rame har boris na rawa a kansa, inji na jijjiga yana cin bel. Ya riga ya yi dabarun da kowa ke yi, an sassare wurin da kan ƙusa don ya yi tudu-tudu ya kama, an naɗa yankin gwangwani, duk sun riƙe na ɗan lokaci sun saki. Gyaran gaskiya sananne ne: a cika wurin da walda, a ɗora a inji irin naka, a sassaƙe shi ya dawo 25 daidai. In ba a nan ba, sai ya fita Kwanar Ɗangora ya hau mota zuwa Kano, ya nemi masu wannan aiki a Dakata ko Ƙofar Ruwa, ya bi layi, ya yini, wataƙila ya kwana, ga masara tare a gona, ga 'yan aikin da ya ɗauka zaune ana ƙirga musu kuɗi. Kai kuma me kake yi a lokacin? Kana goge wani ɗan injin tururi na tagulla da bai fi tafin hannu ba, wanda in an hura masa wuta yake juya wani ɗan faifai, faifan kuma ba a haɗe yake da komai ba. Ka dubi bawan Allah ka ce nan ba wurin sana'a ba ne. Sai da na miƙe tsaye na tuna maka a garin wa kake.

Abin da na gani bayan nan ba zan ɓoye ba, ko da yabon Bazazzagi yana yi mini ɗaci a baki. Da mai walda ya cika wurin ya huce, ka tuɓe riga ka ɗaure shaf ɗin, ka riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan, ka tsaya ka auna, ka ƙara ɗiba. Can wajen ƙarshe abin da kake cirewa bai kai kaurin gashin kai ba. Tun da aka fara har aka gama ba ka yi Turanci ba, abin da ban taɓa gani ba tun da na san ka. Da aka kawo sabon boris bai faɗa ba, bai kuma ƙi ba, da 'yar bugu a kan guntun bututu ya zauna daram. Manomi ya juya shi da yatsa, ya kara kunne, ya yi hamdala. Ya zura hannu a aljihu, sai ka ɓata rawarka da tsalle, ka ce kai ba ka karɓar kuɗi. Da ya gama casa sai ga buhun masara a ƙofar gida. Kana tsaye kana jawabin cewa a mayar masa, uwargida ta riga ta sa yara sun shigar da shi. 'Yar Kano ce, Allah ya yi mata albarka.

Tun daga ranar labari ya bazu, yanzu da hantsi ƙofarka ba ta rabuwa da mai fuli a hannu ko mai shaf a kafaɗa, kai kuma kana ta ƙunƙuni wai an hana ka nishaɗinka. Gari ya riga ya karɓe injin, saura ka san yadda za ka zauna da hakan. Wannan kyautar da kake yi ba alheri ba ce zalla. Haƙoran yanka suna cinyewa, mai yana ƙarewa, batiran sola suna da wa'adi, fanshonka kuwa mun san tsawonsa. Mai mutunci in ka yi masa kyauta sau biyu kunya za ta hana shi dawowa, ya koma hawa motar Kano, marar kunya kuma ya kwaso maka duk tarkacen gidansu. Ka sa farashi mai sauƙi ka rubuta a allo, tunda rubutu ne abin son ka. Ka ware wa jama'a lokacinsu, ragowar ka koma kan ɗan injin tagullarka ba mai ce maka don me. Ka kuma ɗauki yara biyu, ɗaya daga masu fitowa daga makarantar koyon sana'a ta Bagauda da ke yawo ba wurin gwada hannu, ɗaya daga gidan Sarkin Maƙera, ka ga ka biya goron da ake bin ka. Ba masu ƙera injina muka rasa ba: gwamnati ta kafa kamfanin ƙera irin waɗannan injina a Oshogbo tun 1980 tare da Indiyawa. 'Yan'uwanka na Samaru, inda ake binciken noma tun 1922, sun daɗe suna zana injinan sussuka, mutanen Panteka a Kaduna suna ƙera iri-iri. Wanda ya yi ƙaranci shi ne mutum a ƙaramin gari da zai auna kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ya tsaya a kai. Allah da ikonsa, a duk faɗin yankin nan sai ya ɗora wannan baiwa a kan Bazazzagi. Mun karɓi ƙaddara.

Farashin da na ce ka rubuta bai shafe ni ba, wannan kai ma ka sani. Ranar kasuwa zan aiko yaro da shaf ɗin injin ban-ruwana, mazaunin boris ne shi ma, 6204, milimita 20, kada ka ce ban faɗa maka ba ka je ka yi mini da inci. Ina son sa kafin a fara dashen tumatir. Lamba 10 kuma ka daina harare-hararen yaran unguwa a kanta. Tana wurina, lafiyarta ƙalau, har ta fara tabon baƙin mai. Ranar da shaf ya dawo yana juyawa ba ƙara, sai mu zauna mu yi maganar fansarta.